Tanjuware, garin da muke wucewa

Jawabin da magatakardan ƙungiya ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa da suka kafa wannan tafiya, sarakunan zango da wakilansu, malamanmu, iyayenmu mata, direbobi da yaran mota, 'yan'uwa na reshen Sokode da na reshen Dapango, da baƙinmu da suka ƙetaro iyaka domin wannan rana, muna yi wa kowa barka da zuwa. Allah ya jiƙan waɗanda muka zauna da su bara, yau ba sa cikinmu.

Kwamitin biki ya ce mu ma'aikatan ofis mu zaɓi gari ɗaya a kan hanyarmu, mu yi bayani a kansa. Wasu sun so a ɗauki Mango saboda tarihinta, wasu sun so Sinkase saboda can ne kuɗi yake. Mu kuwa sai muka zaɓi Tanjuware, wanda a takardar gwamnati ake rubutawa Tandjouaré. Dalilinmu shi ne, da wuya a sami mutum ɗaya a ɗakin nan wanda bai taɓa bi ta garin ba, amma in aka tambaya mutum nawa ne a gundumar, ko wa ke karɓar kuɗin tikitin kasuwanninta, sai ɗaki ya yi tsit. Iyayenmu dattawa sun fi mu sanin hanyar nan nesa ba kusa ba. Abin da muka kawo kawai shi ne abin da ke cikin takardu, su kuma su gyara mana inda ya kamata.

Wanda ya taso daga Lome a kan babbar hanya mai lamba 1, ya wuce Atakpame da Sokode da Kara da Kante, ya ƙetare kogin Oti a Mango, to kafin ya shiga Dapango sai ya ratsa gundumar Tanjuware. Garin kansa yana bakin kwalta, Bombuwaka na gaba da shi kaɗan. Daga yamma gundumar ta yi iyaka da Gana, wajen Bunkpurugu. Tana cikin jihar Savanes, tana da kanto 16, cikinsu akwai Bogu, Nano, Bombuwaka, Nandoga, Loko, Tamonge da Mampurug. Da can a ƙarƙashin gundumar Tone take, wato ta Dapango, daga baya aka yanke ta ta tsaya da kanta.

Yanzu ga lissafi, kuma muna roƙo a saurara, domin a nan ne maganar take.

A ƙidayar 2010 an sami mutum 117,519 a gundumar. A cikinsu, waɗanda aka ƙirga a cikin garin Tanjuware kansa 1,671 ne kacal. A wannan ƙidayar dai Dapango tana da 58,071, Sokode tana da 95,070. Wato babban birnin gunduma guda, mai parfe da jandarma, bai kai unguwa ɗaya ta Sokode ba. In aka ɗauki mutum 100 na gundumar, ko 2 ba su cika ba a garin. Sauran suna ina? Suna gidajensu a tsakiyar gonakinsu. Mutanen Moba, waɗanda su ne mafi yawa a nan, ba sa cunkushewa wuri ɗaya kamar yadda muke yi a zango. Kowane maigida yana da gidansa zagaye da katanga, ɗakuna da rumbuna a ciki, gona a bakin ƙofa, sai a ɗan taɓa tafiya kafin a kai gidan maƙwabci. Shi ya sa direban da ya leƙa ta taga yake cewa ba kowa a nan. Akwai mutane, hanyar ce ba ta nuna su.

An sake ƙidaya a ƙarshen 2022. Gundumar ta kai 138,867. An sami ƙarin mutum 21,348 cikin shekara 12, wajen kashi 18 cikin 100. Wani zai ce ai wannan ci gaba ne. To a duba maƙwabta. Togo gaba ɗaya ta tashi daga 6,191,155 zuwa 8,095,498, kusan kashi 31. Jihar Savanes ta tashi daga 828,224 zuwa 1,143,520, kashi 38. Gundumar Tone daga 286,479 zuwa 388,775. Sinkase kuwa, da ba ta kai Tanjuware ba a 2010, don 78,592 take da su, ta yi tsalle zuwa 128,959, ƙarin kashi 64. Duk jihar babu inda ƙaruwar ta yi ƙasa kamar Tanjuware.

Ba haihuwa aka daina ba, kowa ya shiga ƙauyukan ya ga yara. A ganinmu tafiya ake yi. Ƙasar noma ta yi wa mutane kaɗan, wadda ke akwai ta gaji, wani wurin dutse ne, damina kuma guda ɗaya ce, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba. Tun zamanin Turawa samarin Moba ke zuwa gonakin koko a Gana, daga baya Kodebuwa, yanzu kuma ga Lome, ga Dapango, ga Sinkase. Direbobinmu ne shaida, su ke kwasar su bayan girbi. Wani yaron da ke ɗauke mana buhu a tashar Sinkase, ko mai kabu-kabun da ke kai mu gida a Dapango, in ka tambaye shi garinsu sai ya ce Nano ko Bogu.

Ga ɗan kasuwa wannan lissafi yana da amfani kai tsaye. Cinikin gundumar ba a bakin kwalta yake ba, yana kasuwannin ƙauye da ke ci rana-rana. Kuɗi na shiga hannun mutane bayan girbin dawa, gero, masara, gyaɗa da waken suya, sai lokacin da aka biya kuɗin auduga, sai kuma abin da 'ya'yansu ke aikowa ta waya. Mata ne ke riƙe da man kaɗe da daddawa da ƙananan dabbobi, zabi kuma ba a maganarsu. Mai ba da kaya bashi ya san da wa yake yi: saurayin da ya karɓa a watan Nuwamba, kafin Janairu yana iya kasancewa a Abijan. Uwarsa ce ba ta zuwa ko'ina.

Bari mu koma baya, mu ga yadda aka yi mutanen nan suka zama haka da baƙo.

Wanda ya bar kwalta ya nufi yamma wajen Nano zai ga dogon tsauni mai fuska a tsaye kamar bango, wanda ya miƙe har cikin Gana, wajen Nakpanduri da Gambaga. A can sama, cikin tsagar dutsen, akwai kogunan dutse da ake kira Nok. Kada a haɗa shi da Nok ta Kaduna a Najeriya, suna ne kawai ya zo ɗaya. Daga kan tudu ake sauka yanzu ta wani tsani na ƙarfe, kuma mai jin jiri gara ya tsaya a sama. A cikin kogon an gina rumbuna da laka da ciyawa da duwatsu. A Nok akwai 134, a Mampurug 113, a Bopak 70. An tarar da baka da kibau da kwari a wurin. Tun shekarar 2000 Togo ta sa wuraren nan cikin jerin da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihi na duniya.

Mu 'yan hatsi mun san nauyin buhu. A yi tunanin mutumin da zai ɗauki dawarsa a ka, ya bi fuskar dutse da ita, ya zuba a rumbun da ya gina inda tsuntsu kaɗai ke sauka. Babu mai yin haka don nishaɗi. Daga ƙarni na 17 zuwa na 19 wuraren nan mafaka ne. In aka hango ƙurar dawaki, sai mata da yara da tsofaffi su hau, a zauna har mahara su wuce.

Mahayan da aka fi tsoro su ne Cakosi, waɗanda ke kiran kansu Anufo. Asalinsu daga ƙasar Ano ne, cikin Kodebuwa ta yau. Sun zo a ƙarni na 18 a matsayin sojan haya na sarakunan Gonja da Mamprusi, da bindigoginsu da malamansu, daga baya suka kafa sansani a bakin Oti. Sunan Sansanne-Mango ma da kalmarmu ta sansani a ciki. Daga nan suke kai hari ƙasar Moba da Gurma da Konkomba, suna karɓar hatsi da dabbobi, suna kama mutane.

A nan ne tarihinmu ya haɗu da nasu. Mango babban zango ne a kan hanyar fataucin goro. Ayarin Hausawa na tasowa daga Kano, Katsina da Sakkwato da jakuna, madugu a gaba, ɗauke da kanwa, turkuɗi, fatu da gabu, su nufi Salaga a ƙasar Gonja su sayo goro. Tafiyar watanni ce. Wata hanyar ta bi ta Nikki da Jugu ta ratsa ƙasar Kotokoli, kuma ita ce ta raya Didawure, tsohuwar unguwar 'yan kasuwa Musulmi a Sokode. Wata kuma ta bi ta Mango zuwa Yendi. Muna alfahari da wannan, kuma muna da hakkin yin alfahari: kakanninmu sun riga Bajamushe da Bafaranshe sanin ƙasar nan, sun riga duwan, sun riga fasfo. Amma kasuwar Mango da ta Salaga ba goro da kanwa kaɗai ake sayarwa ba, har da mutane, kuma fatake na cikin masu saye. Wanda aka kama a gindin tsaunin nan, a kasuwa ya ƙare. Mun faɗi wannan ba don mu ɓata wa kowa biki ba. Mun faɗa ne don matasanmu su gane cewa in dattijon Moba ya yi jinkirin sakin jiki da baƙo mai rawani ko mai babbar mota, ba ƙiyayya ce ta yau ba. Kakarsa ta ba shi labari, kamar yadda namu suka ba mu labarin madugai.

Zamanin Turawa ba sai mun daɗe a kansa ba. Jamus ta kafa tuta a gaɓar Togo a 1884, ta iso Mango a 1896, shekara ɗaya bayan nan sojojinta suka kashe sarkin Cakosi, Na Biyema. Hare-haren dawaki suka tsaya, aikin tilas da haraji suka maye gurbinsu. A 1914 Ingila da Faransa suka kori Jamus, a 1919 suka raba ƙasar. Layin da suka ja ya bi ta tsakiyar mutanen tsaunin nan: na gabas suka zama Moba na Faransa, na yamma suka zama Bimoba na Ingila. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956 ɓangaren Ingila ya bi Gana, Togo kuma ta sami 'yanci ran 27 ga Afrilu 1960. Har gobe dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, ana aure ana zuwa jana'iza, ɗaya na riƙe da sefa ɗaya na riƙe da sidi. Ashe ba mu kaɗai ne 'yan ƙetare iyaka ba.

Tsofaffin direbobinmu za su so mu ambaci dajin da ake kira Fosse aux Lions, tsakanin Bombuwaka da Dapango, mai faɗin hekta 1,650, wanda aka keɓe tun 1954. Su suka ga giwaye a bakin hanya a shekarun 1980. Mu da muka taso daga baya sai dai labari.

Abin da ya fi shafar aljihunmu yau shi ne komin. Shekara da shekaru ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi a Togo ba, tun 1987, gwamnati ce ke naɗa masu riƙo. A 2017 aka yi dokar da ta yanka ƙasar komin-komin, yau guda 117 ne, aka yi zaɓe ran 30 ga Yuni 2019. Gundumar Tanjuware ta sami biyu: Tanjuware 1, mai mazauni a garin Tanjuware, da Tanjuware 2, mai mazauni a Nano. Jama'a ke zaɓen kansiloli, kansiloli su zaɓi magajin gari a cikinsu. Parfe yana nan, gwamnati ke naɗa shi. Sarakunan kanto suna nan da maganar ƙasa da sulhu.

To a bambance. Kuɗin duwan da harajin sana'a na hukumar OTR ne, na ƙasa. Tikitin kasuwa, kuɗin rumfa, kuɗin wurin tsayawar mota da na kara, waɗannan na meri ne. Komin da ba ta da masana'anta, ba ta da babban gari, mutanenta kuma manoma ne a warwatse, ina za ta sami kuɗi? Ban da ɗan abin da gwamnati ke turo mata, sai kasuwa. Ma'ana mu. Kwanon hatsin da muka auna da akuyar da muka ɗora a mota su ne ke biyan mai shara da mai rubuta takardar haihuwa. Saboda haka in an miƙo tikiti a biya, amma a karɓi takardar, a duba sunan komin da hatimi a jikinta, a ajiye. Wanda aka karɓi kuɗinsa ba takarda ya zo ofis ya faɗa mana rana da kasuwa da adadi, mu rubuta. Ƙorafin baki a tasha ba ya zuwa ko'ina. In muka tara rasit na shekara guda muka je gaban magajin gari muna neman rumfa ko rijiya ko makewayi a kasuwa, da ƙarfinmu za mu yi magana.

Sai maganar takardun yara, wadda mu a ofis ita ce ta fi ba mu wahala. Doka ta ba da kwana 45 a kai sanarwar haihuwa. Tun 1 ga Janairu 2022 takardar haihuwa kyauta ce ga wanda ya je a kan lokaci. Wanda ya bari wa'adin ya wuce sai ya bi ta kotu, da shaidu, da kuɗi, da zirga-zirga. Mu kuwa muna yin suna ran bakwai, a yanka rago, a ci a sha, uba ya hau mota ya tafi Lome ko Yamai, sai yaro ya kai jarrabawar ƙarshen firamare a tuna ba shi da takarda. Akwai gidajen da suka yi kaka da kakanni a zangon Sokode ko na Dapango, amma jikansu na rasa abin da zai nuna a shingen jandarma. Ƙidaya ta ƙirga shi a 2022, domin ƙidaya ba ta tambayar takarda, tana ƙirga duk wanda ke zaune a gida. Makaranta da kotu da akwatin zaɓe kuwa suna tambaya. Muna roƙon malamanmu, ranar suna bayan an shafa fatiha, a tambayi uban yaro a gaban jama'a ko ya je meri.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓa abin da kowa ke tunani. Tun harin Sanlowaga a watan Nuwamba 2021, da na Kpekpakandi a watan Mayu 2022 inda sojoji 8 suka rasu, jihar Savanes ta canza. A watan Yuni 2022 aka sa ta ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Wuraren nan biyu suna can gabas, wajen Kpenjal, bakin iyakar Burkina, amma shingaye da bincike sun game jihar duka, kuma waɗanda suka gudo sun sauka a gidajen dangi da na masu tausayi. Ga kuma manyan motocin Nijar da suka ƙaru a kan hanyar tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, duk ta Tanjuware suke bi zuwa Sinkase. Baƙin fuska sun yi yawa a daidai lokacin da ake tsoron baƙuwar fuska. A irin wannan hali zargi kan faɗa wa mai yawo: Bafulatani mai shanu, Bahaushe mai koli, yaron mota da ba ya jin Faransanci. Abin da ke fitar da mutum ranar da aka tsare shi abu biyu ne, takardarsa, da ɗan gari da zai ce na san shi, shekara goma yana sayen gyaɗa a gidana, bai taɓa cuta ta ba.

Wannan shaida ba a sayenta ranar da ake bukata, a bakin kwano ake tara ta. Kowa ya san ƙorafin da manoma ke yi da masu sayen hatsi: a zo da kaka a saya da araha, da kwano mai zurfi, a danna a yi masa tozo, sannan a watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a dawo musu da dawarsu a ninkin kuɗi. Saye da ajiya kasuwanci ne, ba mu ce a bari ba, kuma mai ajiya yana ɗaukar asarar ƙwari da faɗuwar farashi. Amma kwano biyu, na saye daban na sayarwa daban, wannan malamanmu sun san hukuncinsa fiye da mu. Mutanen da kakanninsu suka hau dutse don su tsare hatsinsu ba za su manta da wanda ya tauye musu mudu ba.

Ga abin da ofis ke kawowa gaban shugabanni da dattawa, su duba. Muna son a buɗe rajistar 'yan ƙungiya da ke cin kasuwannin gundumar Tanjuware, da sunan kasuwa da irin kaya da lambar mota, kwafi ɗaya a Dapango ɗaya a Sokode, don in an tsare wani mu san wa za mu kira. Muna son a tura dattawa biyu ko uku su kai gaisuwa ga magadan gari na Tanjuware da Nano da sarakunan kanto, ba don wata matsala ta taso ba, a je tun babu ita. In lokacin bikin girbin Moba ya zo, wanda suke kira Tingban Pab, a watan Disamba, ba laifi a aika da goro da buhun gishiri. Kuma duk mai yaron da ba shi da takardar haihuwa ya kawo mana sunansa da ranar haihuwa da sunan unguwa kafin ƙarshen wata mai zuwa, mu haɗa su mu kai gaba ɗaya, ya fi sauƙi a kan kowa ya bi shi kaɗai. Iyaye mata na iya ba wa wakiliyarsu ta kawo.

Waɗanda suke son ganin rumbunan Nok da idonsu su rubuta suna a wurinmu bayan an tashi. In an kai cikin mota guda za mu nemi izinin hukuma da ɗan jagora daga garin, a tafi da sassafe kafin dutse ya yi zafi.

 Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.